Sunan da Baba Bai Ɗauka Ba a Ji'irana

Unguwarmu Jarwal, kusa da Harami, ƙarfe huɗu da rabi

Mun fito kafin kiran asuba, ni da Baba, a motar Kawu Sale mai tasi. Baba yakan yi wa mamata umara idan danginsu suka roƙe shi. Ranar wata tsohuwa 'yar Rasha ce ta roƙa, don kakanta. Ba ta jin Larabci, sai ta yi magana a jawwal, wato wayar hannu, ya rubuta fassarar. Idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, shi ya sa aka tashe ni. Ni kuwa ko a aji ba na ɗaga hannu.

Mun same ta a ƙofar otal, riƙe da ambulan da hannu biyu. Na lura babban yatsanta ya goge gefensa har ya yi baƙi.

Hanyar Sail, biyar saura kwata

Tafiyar zuwa Ji'irana, inda ake ɗaukar harami, kusan kilomita ashirin da biyar ce. Da muka wuce shingen bincike, askari ya haska mu ya ɗaga hannu, Baba ya ce in tambayi Hajiya wane ne kakan, tunda sai ya ambaci sunansa wajen niyya.

Ta zaro hoto. Mutum ne a kan doki, da doguwar hular gashin tunkiya, da takobi, da wata mikiya ɗinke a ƙirji, da gicciye a wuya. Idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Ta yi magana a hankali, rubutu yana fitowa a hannuna: shugaban mahayan Kosak ne. Da sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu a yaƙin duniya na biyu, ya bi su, don ya tsani gwamnatin da ta ƙwace gonar ubansa. Shi ya nuna musu hanyoyin dutse. Mahayansa suka ƙone ƙauyuka. Bayan yaƙi aka miƙa shi ga gwamnatin, aka rataye shi. Ita sai da ta yi aure ta musulunta, kuma shekara da shekaru tana ganin kakan a mafarki yana neman ruwa.

Na kife hoton a cinyata don ya daina kallona. Baba ya waigo ya ce, "Uwata, me ta ce?" Na ce soja ne. Kawu Sale ya yi dariya, ya ce duk wannan dogon zance soja kawai, ashe Rashanci ya fi Hausa ɓarnar baki.

Ji'irana, biyar da kwata

Bayan sallah Baba ya fito da haraminsa, kafaɗa a waje, ya tsaya yana jiran suna. Na san idan na yi shiru zai ɗauki mutumin nan ya kai shi gaban Ka'aba bisa ƙaryata. Idan na faɗa kuma, tsohuwa ta ƙetaro duniya a banza. Ina kallon silifas ɗinsa na faɗa masa duka, har da gicciyen da na gani a wuyan mai dokin.

Baba ya ce in gaya mata ba zai iya ba, hukuncin kakanta yana wurin Allah. Na ga fassarar ta isa fuskarta. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan dakalin masallaci kamar an zare mata ƙashi.

Baba ya tsuguna nesa kaɗan da ita. "Tambaye ta, cikin waɗanda aka ƙone wa gida, ta san sunan ko mutum ɗaya?"

Ta sani. Wani makiyayi musulmi, Idris, wanda ya ƙi nuna hanya aka harbe shi a bakin rijiya. A gidansu ba a taɓa faɗin sunan da ƙarfi ba. Ta faɗe shi sau biyu, na biyun muryarta ta fita sosai. Baba ya miƙe ya fuskanci alƙibla, ya yi niyya a madadin Idris.

Komawa, bakwai saura

A hanya Kawu Sale ya sayo burodin tamis mai zafi da shayi. Hajiya ta gutsura ta ba ni rabi, ba mu taɓa jawwal ba. Muka sauke su a kusa da Harami, tana bin bayan Baba da ƙananan taku.

Na isa gida bakwai da rabi. Na gode wa Allah da ya buɗe bakina kafin Baba ya buɗe nasa.