Mai Fanka da Injin Gahawar Babanmu

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Mai Fanka ya riga ya share gaban nasa, ya jera sukundirebobinsa a kan tsohon tawul daga ƙarami zuwa babba, ya zauna yana jiran wanda zai zo su yi faɗa. Eh, faɗa na ce. Ban taɓa ganin wanda ya shiga shagon nan ya fito bai sha faɗa ba. Ɗan tsukukun wuri ne tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fenti, cike da matattun fankoki da tukwanen lantarki da masu su suka manta da su. Da gyaran fanka ya fara tun yana saurayi, sunan kuma ya bi shi har furfura. Amma abin da ya sa ake nemansa yanzu daga unguwanni masu nisa shi ne ƙaramin injin nan na gasa gahawa a gida, mai 'yar ganga da ke juya 'ya'yan gahawar a kan wuta, fanka tana hura musu iska.

In ka ɗauko injinka ka kai masa shago, ka yi wahalar banza. Ko kallonsa ba zai yi ba. "Mayar da shi inda yake kwana," zai ce, "ina nan tafe." Da hantsi sai ya rataya jaka, ya ja ƙofa, ya bi gidajen mutane. In ya iso ma ba ya taɓa injin. Kujera yake nema ya zauna, ya harɗe hannu, ya ce mai abu ya gasa a gabansa yadda ya saba, a ɗakin da ya saba, a soket ɗin da ya saba jonawa. Sai ya gama kallon mutum sannan ya buɗe jaka. Ko ya buɗe, abu ɗaya yake taɓawa, a sake gasawa a gani, sannan ya taɓa na biyu. Wai in ka gyara abu uku a lokaci guda aka dace, ba ka san wanne ne ya warkar ba, gobe in ciwon ya dawo sai ka tsaya kana zare ido.

Saboda haka ne ake zaginsa. An ce yana da nawa. An ce aikin da wani zai yi a tsaye shi sai ya cinye maka yini. An ce bakinsa ba linzami, kuma wa ke gyara a zamanin nan, ai sai a jefar a sayi sabo. To, masu faɗa su yi ta faɗa. Ni dai na ɗauki alƙalami ne don in yabe shi yana da ransa, yana ji da kunnensa, kuma ba zan rage komai ba don wani ya ji daɗi. Ba sai an rasa mutum ba sannan a taru ana cewa ai wane ba shi da na biyu.

Ku tambayi telar da ke layinmu. Ta kusa jefar da injinta don ya zame mata kamar mai aljanu: in ta gasa da safe gahawar ta fito da kala mai kyau, in ta gasa da rana ta fito fari-fari, da ɗanɗanon ɗanyar ciyawa. Mai Fanka ya zauna da safe ya kalla, ya ce zai dawo da rana. Da ya dawo ya tarar da dutsen guga jone a layi ɗaya da injin, yana shanye masa ƙarfin wuta. Ya ce mata, "Hajiya, injinki lafiyarsa lau, yunwa kike bar shi da ita." Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Ya nuna mata wani soket ya yi tafiyarsa, har yau tana ba da labarin tana dariya.

Nawa labarin ba na dariya ba ne.

Babanmu tsohon kafinta ne. Tun da Mama ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidansa, a ɗakin da suka zauna tare, kuma abin da ya riƙe shi ne gasa gahawa. Duk ƙarshen mako kowa a cikin 'ya'yansa yana da kwalbarsa, in ba ka zo ka karɓa ba ka shiga uku da mita. Sai gahawar ta fara lalacewa. Yau ta fito baƙa ƙirin, gobe rabi ƙonanna rabi ɗanya. Muna karɓa muna godiya, muna kai wa gida muna zubarwa. Rannan ƙaiƙayin gahawar da ya taru cikin injin ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, maƙwabciyarsa ce ta yi ta dukan ƙofa har ya ankara. Allah Ya kiyaye, labule kawai ya yi baƙi.

Yayanmu, babban wanmu, ya tara mu ya yanke hukunci. Injin zai bar gidan, Baba kuma zai koma wurinsa da zama, a rufe gidan. Kada wani ya ɗauka Yaya mugu ne. Tsoro ne ya kama shi, ni ma ya kama ni. Amma na kalli Baba lokacin da ake maganar, yana zaune ya zuba wa hannuwansa ido, sai na ji zuciyata ta tafasa. Na ce, "Yaya, an tabbata laifin Baba ne? Wa ya duba injin?"

Ya ce, "Auta, ki daina musu. Shekaru ne."

Na ce sai dai a kira Mai Fanka. Muka yi ta ja har Yaya ya ce ya ji, amma da sharaɗi: in mai gyara ya ce injin lafiyarsa ƙalau, to Baba ne ya gaza, ranar za a fara haɗa masa kaya. Baba ya ɗago ya ce ya yarda.

Mai Fanka ya zo da hantsi, ya gaisa da Baba, ya ja kujera. Yaya ya fara yi masa bayani, Mai Fanka ya ɗaga masa hannu. "Alhaji, ba kai ne mai injin ba. Maigida, bismillah, gasa mu gani."

Baba ya gasa, muna kallonsa. Abin da ya fito, kai, ko ni na kawar da kai. Mai Fanka ya baza 'ya'yan a farin faranti, ya kai bakin taga, ya tsinci baƙi ya tsinci fari, ya fasa kowanne da haƙori ya tofar. Sannan ya buɗe jaka.

Ragar da iska ke fita ta toshe da ƙaiƙayi da maiƙo, ta zama kamar tsohon soso. Ya wanke ta ya mayar, ya ce a gasa. Hayaƙi ya ragu, amma kala ba ta daidaita ba. Ya sa hannu ya juya gangar, ya ji tana santsi: bel ɗin ya saki, gangar na tafiya tana tsayawa, waɗanda ke ƙasa suna kwana a kan wuta suna ƙonewa. Ya ɗaure bel, ya ce a gasa. Yaya ya duba agogo ya ja tsaki. Mai Fanka ko a jikinsa. Can ya zaro ɗan ƙarfen da ke auna zafi, ya nuna mana yadda baƙin maiƙo ya yi masa riga. "Wannan ƙarya yake yi wa injin," in ji shi. "Wuta na ci, shi yana cewa da sauran sanyi." Ya kankare shi. Ya auna wa Baba 'ya'yan gahawa a kofi guda, ya ja layi a jikin kofin da bakin wuƙa, ya ce kada a wuce nan, kuma kada a zuba sai injin ya ɗumama.

Ni kam a lokacin har na fara hararar Yaya. Ga laifi uku, duk na inji.

Aka sake zubawa. Ganga na juyawa sumul, ƙamshi ya cika ɗaki. Duk mai gasa gahawa ya san akwai lokacin da 'ya'yan ke fara fashewa, ƙas, ƙas-ƙas, kamar ana karya tsinken ashana, kuma daga wannan ƙarar ake sanin lokacin rage wuta da lokacin saukewa. To, ƙarar ta fara. Na ji, Yaya ya ji, Mai Fanka ya ji. Baba yana tsaye gaban injin, ya karkata kai yana jira. Ƙarar ta yi yawa, ta ragu, ta ɗauke, Baba yana nan yana jira. Sai da hayaƙi ya fara tashi sannan ya zabura ya kashe.

Sai a lokacin na gane. Injinan yankan katako da Baba ya yi rayuwarsa a cikinsu sun cinye masa kunne, ba mu lura da yadda abin ya yi nisa ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na kalli Mai Fanka ina roƙonsa da ido ya ce da sauran gyara, ya ƙirƙiro ko mene ne.

Bai yi ba. Ya ce, "Inji ya warke. Saura kunne. Maigida, ba ka ji fashewar ba."

Baba ya ce a hankali, "Ban ji ba."

Yaya ya sauke numfashi, ba da murna ba. "To shi ke nan, Malam. Mun gode. Nawa ne aikinka?"

"Wa ya ce maka na gama?" Mai Fanka ya sha mur. "An kira ni ne don gahawa ta riƙa fitowa daidai a gidan nan, a hannun mutumin nan. Ta fito? Ba ta fito ba. To zauna."

Ya zaro sukundireba mafi tsawo a jakarsa, irin wadda makanikai ke sauraron cikin inji da ita. Ya ɗora bakinta a jikin murfin gangar, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnen Baba, ya kama hannun Baba ya riƙa masa. "Kunne ya gaji, ƙashi bai gaji ba. Rufe ido. Kada ka saurara, jira kawai ka ji abu ya taɓa ka."

Aka zuba sabo. Muka tsaya, ba mai motsi. Ƙas na farko bai gama fita ba Baba ya buɗe ido. "Ga ta nan!" ya ce da ƙarfi, kamar wanda ya hango baƙon da ya daɗe yana jira. Ya miƙa ɗaya hannun ya rage wuta. Da ya sauke aka baza a faranti, kala ɗaya ce daga gefe zuwa gefe. Mai Fanka bai yaba ba, cewa ya yi a sake, sa'a ce. Aka sake. Ya ce a bari injin ya huce a kuma sakewa. Ya jera farantan a bakin taga, ya ce wa Yaya ya zo ya nuna masa wanda ya bambanta. Yaya ya duba, ya duba, ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Mai Fanka bai raina tsoron Yaya ba kuwa. Washegari ya dawo da ɗan agogon da ke yanke wuta da kansa, ya haɗa a wayar injin, yadda ko mutum ya shagala abin zai mutu kafin ya kai ga ƙonewa. Ya tarar Baba ya riga ya sassaƙa tasa sandar sauraro da katako mai tauri, ya goge ta tana sheƙi. Suka ɓata rabin safiya suna musu a kan wadda ta fi kawo ƙara.

Kai ne, Mai Fanka, ka ƙi yi mana ƙarya lokacin da nake roƙonka ita da idona. Kai ne kuma ka ƙi tattara jakarka lokacin da gaskiyar ta yi wa kowa daidai ya tashi. Mai taurin kai, ɗan gidan a sake! Da kai mai sauri ne irin wanda suke so, da ka wanke raga ka karɓi kuɗinka ka tafi, da yanzu gidan Baba na rufe da kwaɗo. Masu cewa kana da nawa su zo su faɗa a gabana.

Da Mai Fanka zai tafi a ranar farkon nan, Yaya ya raka shi bakin ƙofa ya tambaye shi ƙasa-ƙasa, "Malam, tsakaninka da Allah, har yaushe zai iya?" Mai Fanka bai amsa masa a ɓoye ba. Komawa ya yi cikin ɗakin, ya tsaya gaban Baba, ya ɗaga murya yadda zai ji. "Maigida, ɗanka na tambaya har yaushe. Ban sani ba. Zan riƙa leƙowa ina kallonka kana gasawa. Ranar da na ga ba ka iyawa, ni zan fara faɗa maka, a gaban idonka, ba a bayanka ba. Amma ba yau ba."

Baba ya ce, "Na ji wannan."

Mun gode, Mai Fanka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka bakinka yadda yake. Ku kuma masu gyara, da masu jinya, da mu 'ya'yan da tsoro ke sa mu yanke wa iyayenmu hukunci muna tsaye, mu koyi jan kujera. Kafin a ce tsoho ya ƙare, a zauna a kalle shi yana aikinsa, a gyara abin da ke gyaruwa ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da ya rage. Babanmu yana gidansa. Jiya ma ya kira ni yana faɗa, wai Yaya ya riga ni zuwa karɓar kwalba.