An Goge Sunanka Daga Aikinka, Zainul Abidin

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, cikin watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Zainul Abidin Dalhatu a gidan mahaifinsa da ke Boko ta ƙasar Kusada, bayan zazzaɓi na kwana biyar. Shekararsa talatin da shida. Dukanmu na Allah ne, shi dai ya riga mu komawa.

Labarin ya same ni a Tafashiya, ana raɗin sunan tagwayen da 'yata ta haifa bayan ta yi shekara tara tana jira. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, ina rabon goro ina dariya da kowa. Da ragowar goron a aljihu na hau mashin zuwa jana'izarka, Zainu.

Ina da shekara hamsin da ɗaya lokacin da na shiga ajin manya na yamma a Kankia. Ajami na iya, boko kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Kai ne malaminmu, kana zuwa kyauta duk lokacin da aka yi hutun jami'a. Kakan duba littafina ka ce, "Baba Haladu, baƙaƙen nan naka duk sun kwanta, ko rana ta buge su ne? A tashe su tsaye." Mu yi dariya, in goge, in sake. Da rubutun da ka koya mini na zama magatakardan ƙungiyarmu ta makarantun Islamiyya goma sha bakwai na Kankia da Kusada.

Ƙungiyar tana da manhaja a kwamfuta da ke riƙe da bayanan ɗalibai. Mutum uku ne suka yi ta a lokuta dabam-dabam: ɗaya ya yi ɓangaren ɗaukar ɗalibai, ɗaya na jarrabawa, ɗaya na buga shahadar sauka. Kowannensu ya rubuta wa ɓangarensa nasa umarnin inda zai ajiye abu a rumbun bayanai da inda zai ɗauko shi. To, mu nan yaro yana da sunan yanka, yana kuma da sunan da ake kiransa a gida. Wani ɓangaren sunan yanka yake ɗauka, wani na gida. Wata yarinya Rahamatu, da ake kira Ummu don sunan kakarta ta ci, sai ta zama mutum biyu a kwamfuta. Ranar sauka aka ce Ummu ba ta da sakamakon shekara biyu, Rahamatu kuma ba ta cikin masu sauka. Yarinyar na tsaye da sabon hijabi tana kuka, ubanta na neman wanda zai kama.

Nan aka nemo ka. Wata huɗu ka yi kana zuwa ofishinmu da hantsi, ka zauna har la'asar. Da na tambaye ka abin da kake yi, sai ka ce, "Baba, ka ga kasuwar da kowa ya zo da tiyarshi? Ai rigima ba ta ƙarewa. Ni tiya ɗaya na yi, na ajiye ta wuri ɗaya, na sa mai rabo a bakin ƙofa. Duk ɓangaren da zai fara aiki ba ya ƙera tashi, mai rabo ne zai miƙa mashi." Ka nuna mini wurin a allon kwamfuta. Shafi ɗaya ne: ga mazaunin sunan yanka, ga na sunan gida, ga na uba, ga na unguwa, ga shekarar Hijira kusa da ta boko. In za a canja abu, nan kaɗai za a taɓa, sauran duk su bi. Ni da na yi karatu da furfura ma na gane.

Ranar nan Al-Amin yana wurin, abokinka tun sakandare, wanda kuma ƙanen matar shugaban ƙungiyarmu ne, Alhaji Bishir. Shi ma ya karanci kwamfuta. Ya ce maka, "Kai fa ba ka da wayo. Masu wannan sana'a warwatsa abu suke yi don kullum a neme su. In ka tattara haka, ai ko ni sai in riƙe." Ka ce, "Haka nake so. Sunayen 'ya'yan mutane ne, ba abin da zan ɗaure kowa da shi ba." Har littafi ka rubuta da hannunka, da Hausa, kana bayanin kowane layi.

Mako uku bayan ka miƙa aikin aka kira taron kwamiti ba tare da kai ba. Alhaji Bishir ya ce tunda abu ya yi sauƙi, ba a bukatar mai tahowa daga Boko, Al-Amin yana nan kusa. Aka canja kalmar sirri a ranar. A ƙasan shafin farko na manhajar akwai ɗan layi mai cewa kai ka tsara ta. Shi ma aka goge, aka sa sunan Al-Amin.

Ina wurin, Zainu. Ni na rubuta abin da aka zartar, da baƙaƙen da ka tayar mini tsaye. Ban tsaya maka ba. Na ji kunyar Alhaji Bishir, don shi ya sa ni a kujerar.

Da saukar da ta biyo baya ta zo, ɗalibai ɗari biyu da wani abu suka karɓi shahada, ba a sami kuskuren suna ko ɗaya ba. Shugaba ya miƙe ya ce wannan ƙoƙarin Al-Amin ne, a yi masa kabbara. Kana zaune a benci na baya cikin iyayen yara. Na ga bakinka ya yi kabbara tare da jama'a. Da aka watse na biyo ka wajen mashin ɗinka don in yi maka magana. Kai ka rigaye ni, ka ce, "Baba, kujerar ba ta dame ni ba. Da dai sun bar sunan." Ka tayar da mashin ka tafi. Ka koma noma da koyarwa a makarantar mahaifinka, ba ka kai ƙara wurin kowa ba.

Ban ce su suka kashe ka ba. Ajali na Allah ne, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban sani ba. Amma abin da na sani zan faɗa: an ci amanarka, kuma da gaskiyarka aka ci ta. Da ka bar aikin a hargitse, da har ranar da ka kwanta ana zuwa ƙofar gidanku ana gaishe ka.

Ranar addu'ar uku Alhaji Bishir da Al-Amin suka zo. Bayan an shafa Fatiha, Alhaji ya matsa kusa da mahaifinka, ya rage murya ya ce, "Malam, Allah Ya ba da haƙuri. Ko marigayi ya bar wani littafi? Wanda ya ba mu ya ɓata, ga shi za mu ƙara makarantu biyu." Malam Dalhatu ya dube shi, sannan ya aika cikin gida. Matarka Safiyya ta aiko da littafin a cikin leda. Ashe biyu ka rubuta. A bangonsa ka sa: "Na ƙungiya ne. A ba duk wanda ya zo nema." Al-Amin ya sa hannu biyu ya karɓa, bai iya ɗaga kai ba.

Ranar Asabar akwai taron kwamiti. Na sa maganarka ta zama ta farko: a mayar da sunanka inda yake, a kuma faɗi gaskiya gaban iyayen yara ranar sauka. In sun ƙi, zan ajiye masu littafin taro da makullin ofis, su nemi wani magatakardan. Na san na makara, kai ba za ka gani ba. Amma 'ya'yanka biyu za su girma, su ji wanda ya yi aikin.

Allah Ya jiƙanka, Zainul Abidin. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa aikin da aka ɓoye a nan ka same shi cikakke a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Dalhatu, da mahaifiyarka Iyatu, da Safiyya da marayunta, da jama'ar Boko baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Ni kuma, Malam Dalhatu, zan zo in durƙusa gabanka. Wanda ya kamata in roƙa gafara ya tafi, kai ka rage mini.

Haladu Rabe Tafashiya