Ranar da Na Ƙi Karɓar Tiyon Shisha

A wani gida da ke can ƙarshen wani layi a Gwarinpa na koyi shan hayaƙi, kuma a nan na fara yin dariya da dukan bakina. Gidan wata babbar mace ce da muke kira Anti. Duk Asabar bayan la'asar mukan taru a falonta, mu mata masu son mata, mu cire mayafi, mu baje a kan kafet. A waje kowace da fuskar da take ɗaurawa. Ni mai shagon fenti ce a kasuwar Dei-Dei, wadda maza ke cewa ta cika tsiwa. A falon Anti kuwa ina iya ɗora kaina a cinyar wadda nake so, wata tela mai sanyin hali da muke haya tare, ba wadda za ta ɗaga ido.

Gidan yana da doka guda. In Anti ta hura gawayi ta haɗa tukunyar shisha, tiyon zai zagaya, kowa sai ta ja. Dalilinta shi ne, macen da ta sha hayaƙi a gabanki ba za ta tona ki ba, don ke ma kina riƙe da nata asirin. An taɓa kawo wata baƙuwa da ta ƙi ja, ta ce asma gare ta, ashe yayanta ne ya aiko ta leƙen asiri. Wata daga cikinmu sai da ta bar Abuja saboda wannan. Tun daga ranar, wadda ta ƙi tiyo ba tamu ba ce.

Na haura talatin lokacin da son haihuwa ya kama ni. Na auri wani mai sayar da katako da idona biyu, ba wanda ya tilasta ni. Auren bai yi nisa ba, muka rabu ba tashin hankali, na dawo ɗakinmu da ƙaramin ciki. Telata ta yi fushi na wani lokaci, sannan wata safiya na tarar ta buɗe mini ɗinkin rigunana ta gefe.

A wurin awo, nas ta tambaye ni ko maigidana yana shan taba. Ni ba ta tambaye ni ba, ta ga hijabi har ƙasa ta yanke hukunci. Sai na ce wata maƙwabciyata ce mai ciki take shan shisha da sigarin lantarkin nan mai ƙanshin kayan marmari. Ta ce in gaya mata duk hayaƙi ne, yana iya hana jariri girma ko ya sa ya zo kafin lokaci, kuma ko zama cikin hayaƙin ba shi da kyau. Ta ƙara da cewa maƙwabciyar ta ji tsoron Allah. Wa'azin na bar mata a kan teburinta, bayanin na tafi da shi.

Na yanke shawarar daina sha, amma dainawar ba wasa ba ce. Na tauna citta har harshena ya yi tsami, na yi faɗa da direbobin tirela a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi ta kauce wa gidan Anti da sunan laulayi, har kewa ta ishe ni, na ce wa telata mu je.

An yi murna, an shafa cikin, an tsokane ni. Sai Anti ta hura gawayi. Tiyon ya zagayo ya iso gabana, na ce, "Anti, ki yi haƙuri, ni dai na wuce."

Anti ta zaro sigarin lantarki daga jakarta ta miƙo mini. "To ja wannan, 'yata. Tururi ne kawai, ƙanshin mangwaro. Sau ɗaya, don hankalin kowa ya kwanta."

Na ce ko shi ba zan ja ba.

Wata da muka shekara muna cin abinci a kwano ɗaya ta ce, "Ai dama. An yi aure, an yi ciki, yanzu kuma an tuba. Gobe sai mu ga 'yan sanda a bakin get."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ke, kalle ni da kyau. Ranar da asirin gidan nan ya tonu, ke za ki sauya unguwa. Ni dangin uban cikin nan za su zo su tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, su karɓe abin da na haifa tun kafin in ga fuskarsa. Duk cikinku wa ta kai ni abin asara? Kuma ni ce za ku ce in shaƙa wa ɗana hayaƙi don ku yarda da ni?"

Na san tsoro ne yake cin su, ni ma shi ke cina, amma raina ya ɓaci ƙwarai. A waje an ce in bar wadda nake so kafin a karɓe ni. A nan ma ga sharaɗi, kuma a kan cikina.

Anti ta sunkuyar da kai ta ce, "Doka doka ce. In na ɗaga miki, gobe wata za ta zo da nata uzurin."

Na ɗauki mayafina. Telata, wadda ba ta iya musu ko da mai kayan miya, ta ajiye tiyon a kan kafet ta bi bayana. A cikin keke na yi kuka har muka iso gida, don na san na rasa wuri ɗaya tak da nake da shi a garin nan.

Na haifi mace, lafiyayya, mai ƙarar murya irin tawa. Ranar suna ba wadda ta zo daga gidan Anti. Muka raine ta mu biyu, tana ce mini Umma, tana ce wa telata Mami, maƙwabta suna cewa zumuncinmu ya burge su.

Bara, yarinyar ta shiga firamare, muka yi kiciɓis da Anti a kasuwa wajen masu kifi. Ta tsufa, ta rame. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta jawo ni gefe ta rage murya. Ta ce akwai wata ƙaramar yarinya a cikinsu yanzu, cikinta wata biyar, kullum sigarin lantarki na hannunta, ta ƙi jin maganar kowa. Ko zan zo ranar Asabar in yi mata magana?

Na ce, "Zan zo, Anti, da ni da 'yata. Amma kafin mu taka falonki, ki fitar da tukunyar nan waje."