Rantsuwa da Ƙarfen Fartanya

Har in shiga kabari ba zan manta da ranar da aka aike ni neman fartanya a kotu ba. Ni masinja ne, wato ɗan aiken gwamnati. A aji huɗu na tsaya, a masinja kuma aka bar ni. Yaran da na koya wa ɗaure fayil duk sun zama akawuna.

Zamanin Jihar Arewa ne, bayan an zama Jamhuriya. Babbar kotu ta zo Funtua sauraron ɗaukaka ƙara, wato wanda hukuncin ƙaramar kotu bai gamsar da shi ba ya kawo kukansa sama. Mai ƙarar wani tsohon Bamaguje ne daga ƙauyukan Ƙarfi, sunansa Tanko. Wani attajirin auduga, Alhaji Ilu, ya haɗiye masa fadama, a ƙaramar kotu kuma aka ƙi jin bakinsa, wai ba shi da abin rantsuwa. Ni kaina da safe na hankaɗa shi bakin ƙofa.

Mai shari'a ya ce, "Baba, da me kuke rantsuwa a gidanku?"

"Ranka ya daɗe, da ƙarfen da nake ci da shi. In na yi ƙarya, ya ci ni."

"Masinja, samo fartanya."

Na aro ta wajen mai gyaran haraba. Tanko ya lashi ƙarfen, ya zayyana iyakokin fadamarsa, maƙwabtansa suka gaskata.

Alhaji Ilu ya zabura. "Fartanya a kotu? Gobe ina Kaduna. Minista zai ji, kujerar nan kuwa ba ta gado ba ce!"

Na ce a raina, shi ke nan, tsoho ya rasa, alƙali ya rasa. Sai mai shari'a ya ɗago 'yan littattafai biyu.

"Alhaji, wannan tsarin mulkin Tarayya ne, shi ya hana a ware Baba saboda addininsa. Wannan na Jihar Arewa ne. Shi ya kafa kujerar Minista, ya kafa tawa, ya kuma hana shi taɓa ta. Ka gaishe shi."

Aka mayar wa Tanko fadamarsa, daga Kaduna kuma ko tari ba mu ji ba.

Ku yara, da ina zaton gwamnati mutum ce mai babbar riga. Ranar na gane akwai takardar da ta fi rigar. Amma takarda ba ta da baki, sai an sami namijin da zai buɗe ta. A duk aikina, guda na gani.