Hancin Gwaggo

Ina jego a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje inda nake karatu, maƙwabciyata 'yar China ta kawo mini farfesun kaza. "Makan lah," in ji ta, wato "ci mana", ta tsaya sai ta ga na ci. Na ɗaga cokali, wani wari mai kaifi ya doki hancina. Na tambaye ta, ta ce barandi ta ɗiga kaɗan don ƙarin jini. Giyar Faransan da nake bincike a kanta ke nan, wadda Amurkawan farko ke saye ganga-ganga suna ba masu jego da masu tari.

Nan marigayiya Gwaggo ta faɗo mini a rai. Ba ta kai komai baki sai ta sansana. Ina ƙarama, tari ya shaƙe ni, Baba ya sayo wani magani. Ta sansana, ta ɓoye kwalbar a bayanta.

"Yaya, yarinyar ba ta numfashi!" in ji Baba.

"Da giya a ciki. Hanci ne mai gadin baki."

Zuma da citta ta ɗura mini.

Na ajiye cokalin, na ba maƙwabciyata haƙuri. Allah ya sa Gwaggo na can tana shaƙar ƙamshin Aljanna.