Kwalbar Nicanor

Jajibirin ranar matattu ne, kasuwar Tlacolula ta cika da furannin kai wa kabari. Doña Crescencia mai sayar da su tana kallon wani mutum da ke tsaye gabanta tun ɗazu bai taya komai ba. Zai yi shekara hamsin. Rigarsa a goge take, amma maɓallan sun saɓa. Yana rungume da kwalbar giyar mezkal da ba a buɗe ba, kamar wanda aka ba riƙon jaririn wani.

"Inna, ina masu son barin giya ke taruwa?"

"Saman shagon kafinta, bayan coci, ƙarfe huɗu. Tsaraba za ka kai musu?"

Bai yi dariya ba. "Ta ƙanena ce, Nicanor. Kabarinsa zan kai. Ita yake so."

"Ita ta kai shi can, ko?"

Babban yatsansa yana ta shafa murfin. Ta san irin hannun nan, ta binne miji mai irinsa. Wataƙila kwana uku ke nan bai sha ba. Wataƙila shi ya koya wa mamacin sha. Maƙabarta tafiyar awa guda ce, daga shi sai kwalbar.

A hankali ya ajiye ta cikin furanninta.

"Ki ba wani mai zuwa can. Layi na uku, jikin katanga. Kada a gaya wa Nicanor na kasa."

Ya nufi bayan coci. Ko ƙarfe ɗaya ba ta yi ba.