Gargaren Almu

Habsa na tankaɗe bayan la'asar sai muryar Dije, matar ƙanenta Almu, ta ratso katanga. Faɗa take, tana cewa shekara biyu ke nan duk lokacin da ya tafi masallaci ita ke shiga ɗakin ta tura gargaren nan, don kada ya dawo ya iske shi tsaye zuciyarsa ta karye. Ta gaji. Albasar garka na bushewa, ko ya je ban-ruwa gobe, ko ta koma gidansu Garhanga.

"Na sani ke ka tura shi," in ji Almu, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa nike ƙara mishi birki."

Almu mai gyaran kekuna ne a kasuwar Buza kafin ya gaji garkar ubansu a fadamar Tama. Mutum ne mai shiru, wanda bai taɓa jefar da ko ƙusa ba. Tsadar esansi, man da injin ban-ruwa ke sha, ce ta fara damunsa, sai ya ga wani bidiyo a waya: gargare mai juya kansa da nauyi kawai, wai har ya jawo ruwa daga rijiya. Ya sayar da injin ban-ruwa, ya samo ƙafar amalanke, ya ɗaura mata kwalabe goma sha biyu, kowace da yashi rabi. In kwalba ta kai sama yashin ya zube gefe, ya ja ta ƙasa, ta ɗago 'yar'uwarta.

Malam Muhsin, mai koyar da kimiyya a kwaleji, ya taɓa zuwa ya duba. Ya bayyana masa cewa abin da nauyi ya bayar wajen sauka, shi yake karɓewa wajen hawa, ɗan abin da ya rage kuma gogayyar ƙarfe ta cinye. Almu ya ce gaskiya ne, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo sai ya yanki fatar akuya ya yi wa gargaren birki. Habsa ta daɗe tana tunanin wannan: me zai sa a yi birki ga abin da ba ya tafiya? A ganinta ba ruwan rijiya ƙanenta ke nema ba, yana neman abu guda ne a duniya da ba zai gaji da shi ba.

Ranar kasuwa Dije ta ɗaure kayanta ta shiga mota.

Kwana uku Habsa na jin zubar yashi ta katanga, shuu, shuu, ba tsayawa. Ta ce a ranta shi ke turawa. Amma ran Juma'a ta hango shi da idonta ya fita masallaci, ya garƙame ƙofa da kwaɗo, kuma yashin bai daina zuba ba. Har ta lura tazarar da ke tsakanin zuba da zuba tana raguwa. Ta ajiye rariya ta koma ɗaya gefen tsakar gida.

Da ya dawo ta bi shi. Ya buɗe ƙofa kaɗan, ya tare da jikinsa. Tafin hannunsa ya saluɓe, warin ƙonanniyar fata na fitowa daga ciki. Ta ce masa albasa ta riga ta mutu, amma Dije ba ta yi nisa ba, ya shirya su je biko yau.

Ya waiga cikin ɗakin, ya daɗe yana saurare.

"Yaya, sallar nan kaɗai da na tafi, ya cinye rabin fatar. In na kama hanyar Garhanga, wa za shi riƙe mini shi?"